Romon albasa irin na Faransa, da tukunyar da ke dahuwa a hankali

 

Yau hirarmu a kan albasa take. Kowa ya san albasa. Babu gidan da za a ɗora tukunyar miya ba a yanka ta ba. Amma a wurinmu albasa ƴar rakiya ce. Ana sa ta cikin miya, ana yanka ta bisa tsire, ana barbaɗa ta a kan kwaɗon zogale. Ba mu saba mai da ita abinci ita kaɗai ba. To, a ƙasar Faransa akwai wani abinci wanda kusan dukkansa albasa ce. Da Faransanci sunansa "soupe à l'oignon". Kada ku ɗauka miya ce irin tamu da ake cin tuwo da ita. Ruwa-ruwa ne, da cokali ake shan sa, da burodi a ciki. Shi ya sa na kira shi romo. Romon albasa.

Wannan romo abincin talakawa ne tun asali. Albasa tana da araha, tana ajiyuwa, kuma kowane manomi yana da ita. Inda ya yi suna shi ne birnin Paris, a babbar kasuwar abinci da ake kira Les Halles. Kasuwar da dare take ci. Tun tsakar dare ake sauke nama, da kifi, da kayan lambu. Ƴan dako da mahauta suna aiki cikin sanyi har asuba. Idan sun gaji sai su shiga ƙananan gidajen abinci na bakin kasuwa, su sha romon albasa mai zafi. Masu kuɗin da suka kwana wurin shagali su ma nan suke biyowa kafin su tafi gida. Sai ka ga mahauci da rigarsa mai jini da alhajin birni da kwat ɗinsa a tebur guda. A shekarar 1969 aka tashi kasuwar, aka mai da ita Rungis, kudu da Paris. Kasuwa ta tashi, romo bai tashi ba. Har yau a wurare da dama na Faransa ana dafa shi da asuba bayan bikin aure, ko daren shiga sabuwar shekara.

Yanzu ga tambaya. Ɗanyar albasa tana da yaji, tana sa hawaye. Yaya za a yi mutum ya yanka kilo guda da rabi, ya dafa, ya sha, kuma ya ce da daɗi?

Ga amsa, kuma ita ce gindin maganarmu ta yau. A cikin albasa akwai abu uku da suka shafe mu: ruwa, da sukari, da wani sinadari mai yaji. Ruwa shi ne mafi yawa. A cikin giram 100 na albasa, kusan giram 90 ruwa ne. Sukarin ya kai giram 4, wani lokaci ya fi. Ba mu jin zaƙinsa a ɗanyar albasa, don yajin ya rufe shi. Shi wannan yaji, da zarar wuƙa ta yanka albasa sai ya tashi cikin iska, ya shiga ido. Abin da ke sa hawaye ke nan. Amma yajin ba ya jure wuta. In albasa ta daɗe bisa wuta sai ya gudu. Ruwa ma ya ragu. Me ya saura? Sukari. Har ma ya ƙaru, don akwai wani sukari da ke ɗaure cikin albasa, wanda harshe ba ya ji sai zafi ya kwance shi.

Bayan haka sai launi ya sauya. Albasa ta tashi daga fari ta koma ruwan zuma, daga nan ta koma ja mai duhu kamar dabino. Ƙanshi ya cika gida. Wani likita Bafaranshe mai suna Louis-Camille Maillard shi ya bayyana wannan a shekarar 1912. Ya nuna cewa idan sukari ya haɗu da sinadarin gina jiki a cikin zafi, sai su haifi sabon launi da sabon ƙanshi. Abin da ke sa bayan burodi ya yi ja ke nan, shi ke sa gasasshen nama ya yi ƙanshi.

Sai dai abin yana da sharaɗi: ba ya son gaggawa. Idan wuta ta yi yawa, bakin albasa zai ƙone tun cikinta bai nuna ba. Ƙonanniyar albasa ɗaci gare ta, kuma ɗacin nan ba ruwan da zai wanke shi. Ni kaina na ga haka. Ranar da na fara gwadawa a kan gawayi, ina sauri, na hura wuta sosai. Cikin minti 10 albasa ta yi baƙi. Na ce ai launin da ake nema ke nan. Na zuba romo, na ɗanɗana, sai ka ce saɓara aka jiƙa. Kilo guda na albasa da romon ƙashi duk suka tafi a banza, mutanen gida kuma suka samu abin dariya na mako guda. A tukunya ta kullum, wannan aiki yana cin minti 45 zuwa awa guda, wuta ƙasa-ƙasa, mutum na tsaye yana juyawa.

Nan ne wata tukunya ta shigo. Tukunya ce mai aiki da wutar lantarki, wato kuran. Masu Faransanci suna ce mata "mijoteuse". Kashi uku gare ta. Akwai gangar jiki ta ƙarfe mai waya, ita ke kawo zafi. Akwai tukunyar ciki ta tangaran mai kauri, wadda ake cirewa a wanke. Akwai murfi, yawanci na gilashi. A gabanta akwai maɓalli mai nuna ƙaramin zafi da babban zafi. Kun san ruwa yana tafasa a digiri 100. To, ita wannan tukunya a hankali take hawa, ta tsaya dab da tafasa. Abinci yana nuna, ba ya ƙonewa, ba ya kamu. Ana iya barin ta a tafi barci.

Ba Faransawa suka ƙera ta ba. Wani mutumin Amurka ne mai suna Irving Naxon. Mahaifiyarsa Bayahudiya ce daga birnin Vilna na ƙasar Lituwaniya. Ta ba shi labarin cewa a garinsu, tun da ba su hura wuta ranar Asabar, sai ranar Juma'a su kai tukunyar wake da nama gidan mai gasa burodi. A sa ta cikin tanderu bayan an gama gashi, ta kwana tana nuna da sauran zafin. Shi ne ya yi tunanin tukunyar da za ta yi wannan aiki da kuran. Ya samu takardar mallakar ƙirarsa a 1940. A 1970 kamfanin Rival ya sayi kamfaninsa, a 1971 kuma ya fito da tukunyar da sunan Crock-Pot. Matan Amurka masu fita aiki suka yi ta saye, don su ɗora abinci da safe su tarar ya nuna da yamma.

To, bari mu shiga dahuwa. Abin da zan faɗa zai ishi mutum 6. Mai fensir ya rubuta.

A nemi albasa kilo 1 da rabi. In matsakaita ce, za ta kai guda 10 ko 12. Faransawa da albasa mai ɓawo ruwan ƙwai suke yi. Mu kuwa ga albasar Galmi, ta jihar Tawa, wadda ake lodin ta zuwa Gana, da Kodibuwar, da Benin, da Togo. Tana yi sarai. Romonta ya fi duhu kaɗan, kuma a bakina ya fi ƙarfin ɗanɗano. Kada yajinta ya ba ku tsoro, mun riga mun ce wuta ke korar sa. A zaɓi busasshiya mai tauri, wadda ba ta fara tsiro ba. A ɓare, a raba biyu, a yanka siriri-siriri, kauri ɗaya, don su nuna tare. Wuƙa ta zama mai kaifi. Dakusasshiyar wuƙa murje albasa take yi, yajin ya fi tashi. Wanda ke da firigo ya sa albasar ciki minti 30 kafin yanka, hawaye za su ragu.

A zuba albasar cikin tukunyar tangaran. A sa man shanu babban cokali 3, wato kamar giram 50. A narkar da shi tukuna don ya game ko'ina. In babu man shanu, man gyaɗa ya yi, sai dai ƙanshin ba ɗaya ba ne. A sa gishiri ƙaramin cokali 1. Gishirin yana jawo ruwan albasa waje. A juya da kyau. Kada a zuba ruwa ko ɗigo. Na sake faɗa: kada a zuba ruwa. Albasar za ta fid da nata, har ya yi yawa.

A rufe, a murɗa maɓalli zuwa ƙaramin zafi, a bar ta awa 10 zuwa 12. Ku yi lissafi da ni. In an kunna ƙarfe 8 na dare, awa 10 ta cika ƙarfe nawa? Ƙarfe 6 na safe. Ke nan da dare ya fi dacewa a ɗora. Kada a riƙa buɗe murfi ana leƙe. Duk buɗewa guda zafi ne ke fita, tukunyar kuma sai ta yi minti 15 zuwa 20 kafin ta mai da shi. In mutum ya farka cikin dare ya juya sau ɗaya, ba laifi, don gefen tukunya ya fi tsakiya zafi.

Da safe za ku yi mamaki. Albasar da ta cika tukunya ta koma ƴar kaɗan a ƙasa, ta yi laushi, ta yi ja. Amma ku duba da kyau, za ku gan ta kwance cikin ruwa. Nan ne raunin wannan tukunya, kuma masu tallar ta ba su cika faɗa ba. A tukunya buɗaɗɗiya tururi tashi yake ya tafi. A nan kuwa tururi yana bugun murfi, ya zama ruwa, ya koma ciki. Albasar da ke cikin ruwa dahuwa take yi, ba soyuwa ba, zaƙinta kuma ba ya kai inda ake so. Maganin abin mai sauƙi ne. A ɗaga murfi a karkace shi, a bar ƙofa kamar faɗin yatsa biyu, a murɗa zuwa babban zafi, a bar ta awa 1 ko 2 ana juyawa jifa-jifa. Mai sauri ya kwashe albasar da ruwanta ya zuba a kaskon suya, ya ɗora bisa wuta matsakaiciya minti 10 zuwa 15 yana juyawa, har ruwan ya tsotse, albasa ta yi danƙo. Ni wannan hanya ta biyu na fi so. Wanda ya tsallake wannan mataki zai sha romo, amma romo mai lami. Kuma kada a zubar da ruwan nan, rabin zaƙin a cikinsa yake.

Sai romon nama. Ana bukatar litar 1 da rabi. Mafi kyau shi ne na ƙashin sa. A samu ƙashi kilo 1 wurin mahauci, a ɗan gasa shi ya yi ja, a zuba ruwa litar 2 da rabi, a bar shi yana tafasa a hankali awa 3, ana kwashe kumfa. A tace. Ana iya yin wannan tun jiya. Wanda bai samu ƙashi ba ya narkar da dunƙulen Maggi cikin ruwan zafi, amma ya tuna dunƙulen gishiri ne ya fi yawa a cikinsa, kada ya ƙara wani gishiri sai ya ɗanɗana. Gaskiya kuwa, romon dunƙule bai kama ƙafar na ƙashi ba.

A zuba romon da zafinsa a kan albasa. A sa ganyen lorye guda 2, da ɗan ganyen tim in akwai, da masoro kaɗan. Barkono ba ya cikin girkin Faransawa. In an sa da yawa zai danne zaƙin da aka kwana ana nema, gara kowa ya barbaɗa a kwanonsa. A rufe, a bar shi awa 2 a ƙaramin zafi don albasa da romo su san juna. Wasu suna juya garin fulawa babban cokali 1 cikin albasa kafin su zuba romo, don ya ɗan yi kauri. Wannan ganin dama ne.

Akwai magana guda da ya kamata ku sani. Faransawa da yawa suna zuba farar giyar inabi a wannan romo, wasu ma har da barasa mai ƙarfi. Za ku ji ana cewa wuta tana kore giyar duka. Ba haka ba ne, wani abu yana saura, balle a tukunyar da ke rufe. Wanda ya je gidan abinci a can ya tambaya kafin ya sa cokali. A gida kuwa ba a bukatar ta. Aikinta a girkin shi ne kawo ɗan tsami da zai tare zaƙin albasa. Ruwan lemun tsami ko binegar babban cokali 1, a zuba a ƙarshe, ya biya wannan bukata.

Yanzu burodi da cuku, su ne hular romon. A samu dogon burodin nan da ake kira baget, na jiya ya fi, wanda ya fara bushewa. Dama dabarar talaka ce ta hana tsohon burodi lalacewa. A yanka kaurin yatsa, a gasa ya bushe ƙarau. In ba a gasa ba zai jiƙe ya zama kunu. Mai so ya goga masa tafarnuwa. A zuba romo a kwano, a ɗora yanka 2 a bisa, a barbaɗa gogaggen cuku, kamar giram 30 ga kowane kwano. A sa cikin tanderu mai wuta ta sama minti 3 zuwa 5, har cukun ya narke ya yi ja. Kwanon ya zama mai jure wuta, ban da na roba.

Wane cuku? Faransawa suna sa Gruyère, wanda asalinsa na ƙasar Suwis ne, ko Comté na gabashin Faransa, ko Emmental wanda ya fi su araha. Duka ukun suna narkewa su yi zare. Cukunmu na makiyaya ba haka yake ba. Busasshe ne, ko an sa shi a wuta ba ya narkewa, sai dai ya gasu. Ana iya daka shi a barbaɗa, yana da daɗinsa, amma kada a jira ya yi zare. Cukun Turawa kuwa da tsada, sai manyan kantuna. Wanda bai samu ba kada ya fasa girkin. Romon da gasasshen burodi kaɗai abinci ne, haka ma talakawan Faransa suka daɗe suna shan sa. Wanda ke da cuku amma ba shi da tanderu, ya jera burodin a kaskon suya, ya barbaɗa cukun, ya rufe, ya ɗora bisa wuta kaɗan har ya narke, sannan ya ɗora a kan romo.

Sauran gargaɗi, kuma ina roƙon ku saurara da kyau, don a nan lafiya da dukiya suke.

Na farko, ɗaukewar kuran. Tukunyar nan amanarta tana ga wutar da ba ta yankewa. Ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa cikin abinci mai ɗumi-ɗumi, tsakanin digiri 5 da digiri 60. In kuran ya ɗauke kuna gida, ku juye abincin a tukunyar ƙarfe ku ƙarasa bisa gawayi ko gaz nan take. In kun tashi da safe kun tarar tukunya ta huce, ba ku san tun yaushe ba, musamman in da romon nama a ciki, to ku haƙura da shi. Asarar kilo guda na albasa ta fi kwana a asibiti sauƙi. Wannan ma wani dalili ne da ya sa na ce albasa kaɗai za ta kwana a tukunya, romon nama sai da safe, ido na gani. A unguwar da kuran ke yawan yankewa da dare, gara a ɗora da safe ranar da ake gida.

Na biyu, tukunyar tangaran ba ta hawa gawayi, ba ta hawa gaz. Fashewa za ta yi. Kada kuma a zuba mata ruwan sanyi tana da zafi. Gangar ƙarfen mai waya kuwa ba a tsoma ta cikin ruwa, da tsumma ake goge ta bayan an zare waya.

Na uku, in wani ɗan'uwa ya aiko muku da ita daga waje, ku juya ƙasanta ku karanta lambar da ke rubuce. Kuran ɗinmu bolt 220 ne. Na Amurka 120 ne. In kun ga an rubuta 110 ko 120, kada ku sa ta a bango sai da na'urar rage ƙarfin wuta, in ba haka ba za ta ƙone tun ranar farko. Wadda aka yi don Faransa, mai 220 ko 230, ba ta da wannan matsala. A nan ƙasan za ku ga wata lamba da harafin W, ita ke nuna cin wutarta. Yawancinsu tsakanin 150 da 300 suke. In taku 200 ce, ta yi awa 10, ku ninka: 200 sau 10, 2000 ke nan, wato kilowat 2 a abin awon kuran na gidanku. Da wannan kowa zai iya kwatanta kuɗin da na gawayi.

Wani zai ce, malam, mu da ba mu da kuran fa? Ba a bar ku baya ba. An yi ɗaruruwan shekaru ana dafa romon albasa kafin a ƙera wannan tukunya. A samu tukunyar ƙarfe mai kaurin gindi. A bar gawayi ya ci har harshen wuta ya mutu, a rufa masa ɗan toka. A sa mai da albasa da gishiri, a rufe minti 15 albasa ta saki ruwa. Sannan a buɗe, a riƙa juyawa duk bayan minti 3 ko 4. In ƙasan tukunya ya fara kamu ya yi ja, a zuba ruwa cokali 2, a kankare da muciya, a juya cikin albasa. Jan nan ba datti ba ne, shi ne ɗanɗanon. In ya yi baƙi kuwa, wuta ta yi yawa, a rage gawayi. Cikin awa guda an gama, kuma in za a faɗi gaskiya, launin ya fi na tukunyar kuran kyau. Abin da tukunyar kuran ta fi da shi guda ne: tana sakin hannun mai girki. Don haka ban ce kowa ya je ya saya saboda romon albasa ba.

Abin da ya ragu, in da firigo, a bar shi ya ɗan huce a sa ciki kafin awa 2, zai yi kwana 3. A tafasa shi sosai kafin a sha, a gasa sabon burodi. In babu firigo a dafa daidai cin yini. Romon ya fi daɗi lokacin ɗari, watan Disamba da Janairu, ga shi kuwa albasa ta fi araha wajen Maris da Afrilu, sa'ad da aka kwashe ta daga lambu, zafi ya riga ya shigo. Mai firigon da ke daskarar da abinci yana iya dafa albasar da yawa lokacin araha, ba tare da romo ba, ya ƙulla ta kashi-kashi ya daskarar. Tana yin wata 3 lafiya lau, kuma ko miyar shinkafa aka jefa ƙulli guda a ciki za a ji bambanci.